Da Wane Mudu Ake Auna Masani?

'Yan uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da muka tafka da wani abokina mai karatun likitancin dabbobi. Cewa ya yi a yau ba a sanin darajar mai bincike sai an buɗe Google Scholar an ƙidaya maƙalun da ya wallafa, da kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su. Har ya kawo mini ma'aunin da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, wanda a ciki idan aka ce makin mutum 20 ne, to yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Na ce masa na ji, amma ni mutumin Bobi ne, ta ƙasar Kontagora, mu kuwa akwai wani mudun da muke awo da shi.

A wajenmu, duk dattijon da ya yi kiwo ya san bushiya. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, saniya ta kama zazzaɓi da hawaye da gyambon baki da zawo, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Wajen 1891 ta share mafi yawan shanun ƙasar Hausa da Borno, ta sake ɓarkewa a 1983. Kakana ba ya ba da labarin wannan shekara sai muryarsa ta sauya, domin yana ji yana gani garkensa ya koma 'yan ƙwarori.

Wa ya karya lagon wannan annoba? Wani Baturen Ingila ne, Walter Plowright, wanda ya yi aiki a ɗakin binciken dabbobi na Vom kusa da Jos kafin ya koma Muguga ta ƙasar Kenya. A can ya dinga renon ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi, zubi bayan zubi, har ta yi raunin da ba ta iya kisa amma tana koya wa jikin saniya faɗa da ita. Allurar ga araha, kuma ɗaya ta isa har ƙarshen ran dabba. An ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 1999, ya rasu a 2010, a 2011 kuma aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar, bayan agana.

To ina tambaya, makiyayin da ke gandun kiwo na Bobi ya taɓa ambaton Plowright a wata mujalla? Ko sunansa bai sani ba. Amma kowace ƙwaryar nono da ake kaiwa kasuwar Mariga shaida ce, sai dai babu kwamfutar da ke ƙidaya ta.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban ce ambato banza ba ne. Sai da Plowright ya wallafa sakamakonsa, wasu suka gwada suka tabbatar, sannan aka amince a tsira wa miliyoyin shanu allurar. Binciken da aka kulle a akwati ba ya warkar da ko akuya. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ƙidaya ita ce manufa, har malami ya tsinka aiki ɗaya gida biyar, ko abokai su riƙa ambaton juna don neman ƙarin girma.

Aikin kuma bai ƙare ba. 'Yar uwar bushiya mai kama awaki da tumaki tana nan, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Nan ne namu ya shigo, mu ɗaliban Hausa. Maƙala da Turanci take fita, mai akuya kuwa rediyo yake saurare. Idan ba mu fassara, mun ƙirƙiro kalmomin da zai gane ba, wa zai yi?

Daga ƙarshe, ina roƙon hukumomin jami'o'inmu, idan za a auna masani, a duba maƙalunsa, sannan a tambaya: wace ruga aikinsa ya isa? Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.