Uwargida da Zamani: Idan Bairos Ya Shiga Kwamfutar Gida



Yaro kan ɗauki filas daga Jabo ya je shagon buga takardu a Tambuwal, ya dawo ya soka a kwamfutar gida. Can sai ki ga aikinsa na makaranta da hotunan biki sun ɓace, sai wasu alamomi masu 'yar kibiya a madadinsu. Kwantar da hankalinki, kuma kada ki bari a goge filas ɗin tukuna. Galibi bairos ɓoye su ya yi, bai share ba.

Ga matakan da za ki bi:

1. Kada ki danna alamomin nan, dannawar ce ke tayar da shi.
2. Ki buɗe Windows Security ki sabunta shi, sannan ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike na kimanin minti 15.
3. Ki bincike filas ɗin shi ma. Wanda ya iya ya fito da ɓoyayyun fayilolin a kwashe, sannan a goge shi.
4. Ki canja lambobin sirrin imel da na banki, amma daga wayarki.

Rigakafi ya fi magani. Ki buɗe wa yara akawun ɗinsu wanda ba ya iya girka manhaja, ki hana sauko da wasannin sata. Muhimman takardu kuwa a adana su wuri biyu. Ki sanar da maigida cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, saboda haka a duba wanda ke kan taku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.