Garka a Bayan Gida: Ƙawa Ce ko Dukiya?

A Jangeru, kamar sauran garuruwan ƙasar Shinkafi, idan dillali ya kai mai saye duba gida, bayan an ƙirga ɗakuna sai ka ji ana tambaya: akwai rijiya? Akwai fili a baya? Ra'ayina shi ne, garkar nan da ake rainawa, mai zogale da rama da kuɓewa da gindin mangwaro, tana cikin manyan abubuwan da ke ɗaga darajar gida a yau, kuma masu share ta don a malale daɓen siminti suna tafka asara.

Dalili na farko shi ne hali ya sauya. A da, magidanci yana da gona a daji da fadama a bakin gulbin Gagare ko Bunsuru, don haka garkar gida ta cefanen uwargida ce kurum. Amma tun wajen 2011, da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, zuwa gona mai nisa ya zama sayar da rai. Mutanen ƙauyuka sun kwararo Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, masu neman muhalli suka yi yawa. Manomin da aka raba da gonarsa kuwa, in ya sami gidan da zai iya shuka ko da ɗanyen miya, ba zai ƙi ƙara kuɗi ba. Lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako a 2021, mai garka bai rasa abin kaɗa miya ba. Ashe guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, maƙeri ko magini na iya gama aikinsa cikin wata guda, amma mangwaro sai ya shekara huɗu ko biyar kafin a sha. Mai saye yana biyan waɗannan shekaru ne, tare da inuwar da za ta tare masa zafin bazara.

Wani zai ce a Ƙaura, inda aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983, ɗakunan haya na ɗalibai sun fi zogale kawo kuɗi. Wannan gaskiya ne, amma Jangeru ba ta da irin waɗannan 'yan haya. Haka kuma garkar da ba rijiya kusa, sai da damina take da amfani, saboda haka ruwa ne ginshiƙin darajarta.

Daga ƙarshe, ina kira ga dillalai da malamai masu rabon gado da su riƙa yi wa rijiya da itatuwa kuɗi daban yayin ƙiyasta gida. Sau da yawa marayu da zawarawa ne ake sayen gidansu da farashin ɗakuna kawai, garkar ta tafi a gyara.