Ƙwayoyin Halitta Masu Cin Guba: Abin da Suke Iyawa da Inda Ƙarfinsu Ya Tsaya

Idan ka ji an ambaci bakteriya, cuta ce take fara zuwa maka a rai. Amma mafi yawansu ba sa cutar da mutum. Wasunsu ma, tare da nau'o'in fungai, suna cin ɗanyen mai da ruɓaɓɓen shara a matsayin abinci, su mayar da su ruwa da iskar kabon. Da wannan hanyar ake ƙoƙarin tsabtace yankin Ogoni a Jihar Ribas.

A shekarar 2011, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan malalar mai a yankin. A Nisisioken Ogale, an samu sinadarin benzin a ruwan rijiyoyi fiye da ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Benzin yana haddasa sankarar jini. Rahoton ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kuma a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin.

Me ya sa aikin ke da jinkiri? Waɗannan halittu suna bukatar iska, danshi da taki kafin su yi aiki sosai, shi ya sa ake tono ƙasar, a zuba mata taki, a riƙa juya ta. A Ogoni kuwa, man ya nutse fiye da mita 5 a wasu wurare, inda iska ba ta kaiwa. Juya ƙasar sama kaɗai ba ya ceton ruwan da mutane ke sha.

Akwai kuma gubar da ba sa iya narkarwa ko kaɗan. Dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyukan da abin ya shafa, aka binne ta, aka zuba sabuwa. Ba da magani ga yaron da zai koma gurɓataccen gida ba ya da amfani mai ɗorewa.

Saboda haka, idan aka ce maka an yi wa wuri magani, tambayi irin gubar da ke wurin, da kuma ko an auna ruwan bayan aikin.

A gidanka, ga abin da za ka iya yi:

- Ware ragowar abinci, ganye da kashin dabbobi a rami ɗaya, ka riƙa juyawa da yayyafa ruwa har su zama taki.
- Kada ka haɗa batir, allura, leda ko tsohon magani a cikinsa.
- Kada a zubar da baƙin man inji kusa da rijiya.
- Idan ruwan rijiya yana warin fetur, daina sha. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma.

Idan ana niƙa dutsen zinare ko fasa batir kusa da gidanku, kai yaranka asibiti a auna dalma a jininsu, ko da ba su nuna alamar ciwo ba.