Ɗan Zango da Rigar Ɗan Sanda

A zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku, idan saurayi ya ce yana son shiga aikin ɗan sanda, sai gida ya yi tsit. Uwa ta tuna kuɗin da ake karɓa a shingen hanya, uba ya tuna wanda aka lakaɗa wa duka a caji ofis, kawu kuwa ya ce kasuwa ta fi. Muna ganin wannan gudun ya ishe mu haka, domin aikin da muke ƙyama yana taɓa rayuwarmu kullum, ko muna ciki ko muna waje.

Wannan aiki ba baƙonmu ba ne. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai a Legas, kuma ya zo da su nan a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga irin waɗannan mutane aka gina rundunar tsaron Gold Coast a 1879, wadda ta haifi rundunar soja a 1901 mai taken Kullum Shiri. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Amma gadon yana da ɗaci. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka tsere, kuma Bature ya raba 'yan sanda gida biyu: masu rakiya, waɗanda akasarinsu 'yan arewa ne marasa boko, da masu rubutu, waɗanda akasarinsu 'yan kudu ne. Kakanninmu suka riƙe kulki, wasu suka riƙe alƙalami. Daga baya dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta koya wa ɗan zango nisantar duk wata ƙofar hukuma.

Nisantar ba ta tsare mu ba. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai na zangon Asawase a Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami shaidar hakan ba, har aka biya iyalansu diyya. Diyya ba ta ta da mamaci. Idan hukuma ba ta san unguwa ba sai ranar kame, abu ne mai sauƙi ta ɗauki duk saurayin unguwar a matsayin abin zargi.

Muna kuma da abin da aikin ke buƙata. Yendi ta ɗanɗana rikicin sarauta tun kisan Ya Na Yakubu Andani na biyu a 2002 har zuwa naɗin Ya Na Abukari na biyu a 2019. Bawku ta daɗe tana kwana cikin dokar hana fita saboda rikicin Kusasi da Mamprusi. Salaga ma ta watse a yaƙin basasar 1892, har malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete Krachi. Mu da ba mu neman gadon sarautar kowa, mun koyi zama tsakanin masu jayayya, mu gaisa da kowane ɓangare. Ga kuma harshe: ɗan sandan da ke jin Hausa zai ɗauki bayanin makiyayi Bafulatani, da ɗan kasuwa daga Burkina Faso, da tsohuwa a Nima, ba tare da tafinta ya murɗe maganar ba.

Sai dai mu fahimci tsarin tun da wuri. A Amurka mutanen gunduma ne ke zaɓen shugaban 'yan sandan gundumarsu, mataimakansa kuma su yi aiki a nan cikin gida. A Gana runduna ɗaya ce ƙarƙashin Sufeto Janar, kuma ɗan Bawku yana iya samun kansa a Takoradi. Saboda haka duk wanda zai tura ɗansa don a riƙa kashe wa dangi magana a caji ofis, gara ya bar shi a shago. Irin wannan roƙon daga gida shi ne ke fara lalata ɗan sanda kafin direba ya miƙa masa ko sisi.

Masu cewa kuɗin ɗan sanda ba shi da albarka suna da hujjar da ido ke gani a hanyar Tamale. Amsarmu ita ce albashi halal ne, rashawa kuwa haram ce, kamar yadda tauye mudu yake haram ba tare da mun rufe kasuwa ba. Ƙofar sama ma a buɗe take: Bawa Andani Yakubu, ɗan Dagbon, ya riƙe muƙamin Sufeto Janar daga 1969 zuwa 1971, Mohammed Ahmed Alhassan kuma daga 2013 zuwa 2015.

Abin da ya rage namu ne. Ana neman ɗan ƙasa ta haihuwa, marar tarihin laifi, mai sakamakon WASSCE da Turanci da lissafi a ciki. Ke nan shiri yana farawa ne daga takardar haihuwa da Ghana Card da kammala sakandare, ga maza da mata baki ɗaya. Makarantar horon 'yan sanda ta Pwalugu tana nan kusa da Bolgatanga. Muna roƙon sarakunan zango da limamai su riƙa sanar da lokacin ɗaukar ma'aikata, su taimaki yara wajen haɗa takardu, su kuma gargaɗi iyaye game da dillalan da ke karɓar kuɗi da alƙawarin gurbi. Yaron da ya shiga da cin hanci zai fara aiki da bashi a wuya, kuma daga aljihun talaka zai nemi biyansa.