Ruwa Kafin Tsumma: Maganar Gilashin Babur na Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan hunturu ya shiga, akwai kukan da muke ji daga ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Bagwai. Kukan kuwa shi ne, gilashin gaban babur ya dusashe, fitila ta yi yana kamar idon tsoho, mai tuƙi ba ya ganin hanya da dare. Akan ɗora laifin a kan ƙura, ko a ce kayan zamani ba su da ƙarko. Mu dai a ganinmu ƙura tana da nata laifin, amma hannu da tsumma sun fi ta ɓarna. Babur ɗin da mutum goma ke hawa, kowa na shafa masa gefen riga, shi ne ke riga makancewa.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Watari a 1980, noman rani ya zama abin dogara ga gidaje da yawa a nan. Tumatir kuwa ba ya jiran gari ya waye. Da sauran duhu ake fita neman mota ko mai saye, a kan hanyar da ke da ramuka, da jakuna, da amalanken shanu wanda ba shi da ko fitilar ƙwai. Wannan babur ɗin dai shi za a ɗauko da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama, a nufi asibiti a Bichi. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wadda ake kira AAA, ta gwada fitilun motoci da suka dusashe, ta tarar haskensu kashi 22 ne kawai cikin ɗari na hasken sabuwar fitila. A mota aka yi gwajin, amma irin robar ce ke gaban fitilun yawancin baburanmu.

Nan ne ma tushen maganar. Abin da muke kira gilashi, a babur, ba gilashi ba ne, roba ce. Baburan da, irin waɗanda malaman gona ke hawa shekaru arba'in da suka wuce, fitilarsu gilashi ne na gaske. Yawancin na yanzu roba ne, haka gilashin tare iska da wasu ke sawa a gaba, haka na hular kwano. In kana shakka, ƙwanƙwasa shi a hankali da makulli. Gilashi yakan yi ƙara mai kaifi, roba kuwa sai ka ji ta ƙwas. An zaɓi roba domin ba ta da nauyi, kuma idan aka faɗi ba ta tarwatsewa ta yanki mutum. Sai dai tana da laushi. Yashi ya fi ta tauri nesa ba kusa ba, gama yashi ko gilashin gaske yana iya karcewa. To, ka duba abin da ke faruwa sa'ad da mutum ya ɗauki busasshen tsumma ya goge ƙurar hanya. Kowace ƙwayar yashi da ke cikin ƙurar ta zama ɗan ƙaramin kalme, tana jan layi. Yau layi ɗari, gobe ɗari, ido ba ya ganinsu ɗaya ɗaya. Da rana ba laifi. Da dare, in mota ta hasko ka, layukan nan su watsa hasken, gabanka ya yi fari fat.

Abin da ya fi wannan muni shi ne fetur. Mun sha ganin an tsoma tsumma cikin tanki don a cire tabon kwalta ko man inji, domin haka ake wanke sarƙa da sauran ƙarafa. A ƙarfe daidai ne. A roba kuwa garin neman gira ne a rasa ido. Fetur, da tina ta masu fenti, da man birki, da ruwan cire jan farce, duk suna cin roba. Wani lokaci nan take ta yi fari kamar an zuba mata madara. Wani lokaci sai bayan kwanaki ka ga ƙananan tsage-tsage sun bazu a cikinta kamar saƙar gizo, musamman kusa da noti inda aka ɗaure ta. Wannan ba ya gyaruwa, domin ɓarnar ta shiga cikin jikin robar. Akwai kuma abin da ya shafe mu manoma musamman. Yawancin magungunan feshi na ruwa, waɗanda ke yin fari in an dama su, a cikin wani mai ɗan'uwan fetur aka narka su. Wanda ya gama haɗa magani a fadama ya shafa gilashi da hannunsa, ko ya rataya jarkar magani a kan hannun babur tana ɗiga, ya yi abin da fetur ke yi. Toka da yashin wanke tukunya kuwa, a bar wa tukunya.

Wankin kirki ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A fara kwarara ruwa daga sama, ba tare da taɓawa ba, har ƙurar ta gangara. Buta ɗaya ta isa. Sa'an nan a kaɗa ɗan sabulu cikin ruwa, a wanke da tafin hannu ko da tsohuwar riga mai laushi wadda aka wanke ta tas. A ɗauraye, a tsane ruwan da wani tsumma mai tsabta, ba da dirzawa ba. Ƙwarin da suka bushe a jiki, da kashin tsuntsu, kada a kankare su da farce. A jiƙa tsumma a shimfiɗa a kai kamar minti goma, da kansu za su saki. Kwalta ko danƙon takardar da aka manna, a ɗiga musu man gyaɗa, a jira su yi laushi, a wanke man da sabulu sarai.

To, wanda ya riga ya dusashe fa? A duba a san irin ciwon tukuna. Idan raɓa ce ke taruwa cikin fitila, ruwa ne ke shiga. A buɗe, a shanya, a duba robar bakin murfin. Idan kuwa waje ne ya yi rawaya-rawaya yana kaushi a hannu, aikin rana ne. Masu ƙera fitila sukan shafa mata wani siririn rufi mai tare zafin rana, shi ne ke ƙonewa da shekaru. Mai sauƙi yakan fita da farin man goge baki. A shafa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, a murza a hankali, a ɗauraye, amma a fara gwadawa a gefe inda ba a kallo. Wanda ya yi nisa sai sanfefa ta ruwa, mai lamba 1000, a bi da 2000, a ƙarasa da man goge fentin mota, ana zuba ruwa ba fasawa. Wannan na fitila ne kaɗai. Kada a kai sanfefa kan gilashin hular kwano ko na tare iska, gama ta cikinsu ake kallo, in sun lotsa sai hanya ta riƙa rawa a ido. A kuma sani, sanfefa ta kwashe rufin nan, saboda haka in ba a sa mai fenti ya fesa mata farin ruwan rufi ba, cikin 'yan watanni za ta koma gidan jiya.

Akwai dabarar da muke so masu sayen babur na hannu su sani. Akan shafa wa fitila baƙin mai ko man gyaɗa, ta yi ƙyalli kamar sabuwa, domin mai ya cike karce-karcen. Kwana biyu a hanyar Shanono, ƙura ta manne, ta fi da muni. Ka shafa yatsa kafin ka biya.

Yanzu ga abin da muke roƙon shugabannin ƙungiyoyi. Babur na jama'a ya kamata ya sami mutum ɗaya mai kula da shi, a rubuta sunansa a littafin magatakarda. A wurinsa makulli zai kwana, shi ne kuma zai yi wanki. A ajiye tsumma biyu cikin leda ƙarƙashin kujera, ba a goge inji ko takalmi da su. A kafe babur a inuwa ko a zaure, fuskarsa ba ta kallon rana. Wani zai ce doka ta yi yawa a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ai kowa ya iya wanki. Mun ji. Amma ƙungiyar da ke auna taki da mudu, tana rubuta kowane buhu, bai kamata ta bar idon babur ɗinta a hannun kowa da kowa ba.

Sauran magana ɗaya, ta ma'aji ce. Gilashin da ya tsattsage a ciki, kada a ɓata kuɗi da rana wajen gogewa. A sayi sabo, in kuwa babu hali a kwance na tare iskan gaba ɗaya, gama gara iska a fuska da hazo a ido. Hular kwano ma haka. Masu shekaru sun tuna da 2009, sa'ad da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai. An yi dariya a lokacin. Amma hular da gilashinta ya dusashe, har mai ita ke ɗage shi ko ya rataye ta a hannun babur da zarar rana ta faɗi, ba ta fi ƙwaryar nan da komai ba. Gilashin hula akan sayar da shi dabam. A taron wata mai zuwa, a fito da babur tsakar fili bayan faɗuwar rana, a kunna fitila a jikin bango, kowa ya gani da idonsa, sa'an nan a tambayi ma'aji nawa ke cikin asusu.