Ɓera, Gudu da Ciwon Bayan 'Yan Kasuwar Litinin

Mai karatu, idan kana zaman shago a Kasuwar Litinin ta Maiduguri, ko maigidanki ne ke zaman, kun san kukan da ake yi da yamma: baya, ƙugu, gwiwa. Sai a aiki yaro kemis ya sayo diklofenak, wani ma ya zarce zuwa tiramol. Diklofenak kullum yana iya jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda, tiramol kuwa kowa a Borno ya ga aikinsa.

To, ku ji abin da aka gani a jikin ɓeraye. A Jami'ar Iowa ta Amurka, Farfesa Kathleen Sluka da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 2013. Sun sa wa wasu ɓeraye ɗan keken gudu a keji, suna hawa lokacin da suka ga dama har mako 8, wasu kuma aka bar su zaune. Daga nan aka yi musu allurar da ke haddasa ciwon tsoka mai daɗewa, ana taɓa tafin ƙafarsu da siririn zare mai tauri don a ga saurin janyewa. Na zaune suka kamu da ciwon. Masu gudu kuwa bai kama su ba.

Inda na fi so ku lura shi ne ɗaya ɓangaren. Ɓeran da bai saba motsi ba, idan aka sa shi gudu lokaci guda har ya galabaita, ciwonsa ƙaruwa yake yi. Ashe ba kowane motsi ne magani ba. Na kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ke sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadaranta masu kashe zafi, dangin mofin. Shaida ita ce, a wasu gwaje-gwajen da aka ba ɓerayen naloksan, maganin da ke toshe aikin irin waɗannan sinadarai, sai kariyar ta gushe.

Ɓera ba mutum ba ne, amma ni dai na ga darasin ya hau kan kasuwarmu. Mai shago ya wuni kan benci, ran Lahadi ya faɗa filin ƙwallo, Litinin ya kasa ruku'u. Ɗan dako kuma ya wuni da buhu a ka. Wannan wahala ce, hutu da rage kaya yake buƙata, ba ƙwayar da za ta ɓoye masa gajiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako. Fara da tafiyar minti 10 bayan asuba, kafin ranar Maiduguri ta buɗe, kana ƙarawa sannu a hankali. Ko ka sauka daga Keke Napep kafin ƙofar kasuwa ka ƙarasa da ƙafa.

Amma ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, mutuwar ƙafa ko riƙewar fitsari, wannan ba na tattaki ba ne. A nufi asibiti a ranar.