Raddi ga Masu Cewa Dabba Ba Ta Kamuwa da Ƙwaya

Akwai masu cewa jarabar ƙwaya ciwon ɗan Adam ne shi kaɗai, wai tunda dabba ba ta da hankali, ba ta san maye ba balle ta nemi ƙari. Hujjojinsu uku ne, kuma sai guda ɗaya ce ke da ɗan ƙwari.

Da farko suna cewa ɗura wa dabba ake yi, ita ba ta nema. Wannan magana ta faɗi tun tuni. A 1940 wani masani mai suna Spragg ya ba da rahoton manyan biran da suka saba da mofin: idan lokacin allura ya yi, sai su kama shi su ja zuwa ɗakin da ake yi musu. In an ajiye musu akwatin abinci da na sirinji, na sirinjin suke buɗewa. Daga baya aka ƙera na'urar da dabba ke danna wani ƙarfe da kanta, ƙwayar ta shiga jininta. A 1985 wasu masana, Bozarth da Wise, suka sakar wa ɓeraye hodar iblis ba iyaka. Cikin kwana 30, kashi 90 cikin 100 suka mutu. Wa ya ɗura musu?

Sai su koma su ce to, ai jiki ne kawai ya saba, dabbar tana gudun raɗaɗin yankewa ne. A nan ma bincike ya riga su. A 2004, a Bordo ta Faransa, wani masani mai suna Piazza da abokan aikinsa sun auna ɓeraye da ma'aunin da likitoci ke auna mutane. Bayan wata uku suna samun ƙwayar, wasu ɓerayen suka ci gaba da danna ƙarfen ko da an nuna musu babu ƙwaya, suka jure wahala ninkin-ba-ninkin don samunta, har wutar lantarki na jan ƙafarsu ba su fasa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawansu: kimanin kashi 17 cikin 100 ne kawai. Sauran sun sha, amma da azaba ta zo suka haƙura. Haka abin yake ga mutane, ba duk wanda ya taɓa ne ke kamuwa ba.

Hujja ta uku ita ce mai ƙwarin: wai keji ne ke jawo abin. A 1978 Bruce Alexander na Kanada ya nuna cewa ɓerayen da ke zaune cikin 'yan'uwansu a fili mai yalwa ba sa shan ruwan mofin kamar waɗanda aka kulle su kaɗai. Gaskiya ne keji na ƙara jaraba, ko da yake ba duk wanda ya maimaita gwajin ne ya sami irin sakamakonsa ba. To amma wannan hujjar tamu ce, ba tasu ba. In kaɗaici da ƙunci na tura ɓera ga ƙwaya, ai an yarda ke nan yana kamuwa.

Dabba tana kamuwa, domin hanyar da ƙwaya ke bi a ƙwaƙwalwarta ita ce wadda take bi a tamu.